Miyar Ganyen Teku Ta Koriya Da Tukunyar Maijego A Kubwa

Duk wanda ya saba kallon fina-finan Koriya ta Kudu masu dogon zango, waɗanda suka cika wayoyin matasan Kubwa da na iyayensu mata, ya sha ganin wani ɗan kwanon miya mai duhun kore da ake ajiye wa mutum da safiyar ranar zagayowar haihuwarsa. Uwa ce kan tashi da asuba ta dafa, ko ɗa ya dafa wa uwarsa, ko miji ya ƙone yatsa garin dafa wa matarsa. Idan mai shirya fim yana son nuna cewa wani ya zama maraya a birni, sai ya bar ranar haihuwarsa ta zo ta wuce babu wanda ya tambaye shi ko ya sha miyar. Sunanta miyok-guk. Guk shi ne romo ko miya mai ruwa-ruwa, miyok kuma ganye ne da ke tsirowa a cikin teku, wanda Japanawa ke kira wakame. Kunnen Bahaushe zai ji kamar an ce miya, amma dacewa ce kawai, harsunan biyu ba su haɗa kaka ba.

Wannan girki ba baƙo ba ne gaba ɗaya a Abuja. Tun shekarar 2010 Koriya ta Kudu ta buɗe cibiyar yaɗa al'adunta a tsakiyar birnin, inda ake koyar da harshensu da wasan tekwando, akan kuma shirya darussan girki lokaci zuwa lokaci. Busasshen ganyen yakan shigo a leda, a kantunan da ke sayar da kayan abincin Asiya ko ta hannun masu ciniki a intanet. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga 'yar ma'aikaci a Gbazango ko Byazhin ta jingina waya jikin kwalbar mai tana bin bidiyo tana gwadawa. Babu laifi a haka. Sai dai wanda ya fi buƙatar tsayawa gaban wannan tukunya shi ne mahaifinta, ko yayanta da matarsa ke da tsohon ciki. Miya ce da aka tanada don maijego, aka kuma sauƙaƙa ta har wanda bai taɓa riƙe ludayi ba zai iya dafa ta. Ma'aikacin tarayya da gwamnati ta ba hutun haihuwa na kwana 14 ba shi da sauran hanzari idan matarsa ta tashi da ɗanyen jiki ta shiga kicin yana gida.

Sauƙin nata a bayyane yake. Ana ɗibar busasshen ganyen kimanin giram 20, a jiƙa a ruwan sanyi na minti 15 zuwa 20. A nan sabon shiga kan yi kuskure, domin ganyen yana kumbura ya ninka kansa wajen sau goma, wanda ya juye rabin leda zai dawo ya tarar roba ta cika ta tumbatsa. Idan ya yi laushi sai a ɗauraye, a matse ruwan, a yayyanka daidai loma. A ɗora tukunya, a zuba cokali ɗaya ko biyu na man soyayyen riɗi, a soya naman sa giram 150 zuwa 200 da aka yanka ƙanana har jan ya ɓace. A zuba ganyen a ci gaba da juyawa na 'yan mintuna, sannan a tsayar da ruwa kamar lita ɗaya da rabi, a sa dakakkiyar tafarnuwa cokali guda. Ɗanɗanon yana fitowa ne daga wani ruwan daddawar waken suya mai gishiri da suke kira ganjang, cokali biyu ya isa. Idan ta tafasa a rage wuta, a bar ta tana dahuwa a hankali na rabin awa ko fiye, har romon ya kama jikinsa ganyen ya yi santsi. Da farar shinkafa ake ci. Babu jajjage, babu attaruhu, babu manja, hatta lawashin albasa da Koriyawa ke watsa wa kusan kowace miya, a al'ada ba sa sa shi a wannan.

Mai kula da abin da ke shiga cikinsa ya duba bayan kwalbar ganjang, domin wasu kamfanoni na ƙara barasa kaɗan don kada ya lalace. Gishiri da ɗan daddawa na iya tsayawa a madadinsa, ko da yake Bakoriye zai ce an sauya masa miya. Man riɗin kuwa shi ne abin takaici. Nijeriya na cikin manyan masu noman riɗi a duniya, daga Jigawa zuwa Binuwai zuwa Nasarawa da ke maƙwabtaka da Abuja, amma akasarinsa ɗanye ake lodawa a jirgin ruwa zuwa ƙetare, sannan ma'aikaci ya sayi 'yar kwalbar man da aka tatsa a can da kuɗin da zai auna masa mudu-mudu a kasuwar ƙauye. Ga kuma wani camfi da zai yi wa ma'aikaci daɗin ji: saboda santsin ganyen, ɗaliban Koriya ba sa shan miyar ranar jarrabawa don kada su zame, har idan an ce wane ya sha miyar ganyen teku ana nufin ya faɗi. Mai shirin jarrabawar ƙarin girma sai ya san inda dare ya yi masa.

Dalilin shan ta ranar haihuwa shi ne gundarin maganar. A al'adar Koriya, abinci na farko da ake miƙa wa mace bayan ta sauka shi ne wannan miya da farar shinkafa, kuma ita za ta yi ta sha tsawon kwana 21 na farko, waɗanda suke ƙirgawa da bakwai uku. A da, igiya ake ratayawa a ƙofar gida a kwanakin nan don baƙi su san ba a shiga. Har sayen ganyen yana da ladabinsa: wanda ya je kasuwa saya wa mai ciki ba ya neman ragi, mai sayarwa kuma ba ya karya dogon ganyen don ya shiga ƙunshi, sai a ɗaure shi da tsawonsa, don tsoron kada haihuwa ta zo da gardama. Duk wanda ya taɓa cinikin kifi a kasuwar Kubwa ya san barin neman ragi ba ƙaramar sadaukarwa ba ce. To idan yaro ya girma, kowace shekara ranar da aka haife shi sai ya sha abin da uwarsa ta sha lokacin da take jinyar haihuwarsa, don ya tuna da wahalar da ta sha.

Bahaushe ba ya buƙatar wani ya tsallako teku ya koya masa darajar maijego. Tsarin da ya gada ya ma fi na Koriya tsawo, kwana 40 ne cur. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wanka a can. Wadda ta haihu a ɗakinta akan turo mata tsohuwa, gwaggo ko inna ko kaka, ta zauna da ita. Akwai wankan jego da ruwan zafi da ganye safe da yamma, akwai kunun kanwa, akwai yajin jego da aka daka da citta da kanumfari da masoro da kimba, akwai ƙauri da gasasshen nama. Miji ma da nasa kason: itacen wanka, geron kunu, kayan yaji, ƙafar sa, ragon suna. Tsarin ya raba aiki sarai. Namiji ya kawo, mata su sarrafa, maijego ta kwanta ta ci ta shayar.

Sai dai an gina wannan tsari ne a kan babban gida, mai sassa da tsakar gida da murhu da mata goma da za su karɓi juna. Kubwa ba ta da wannan. Gari ne da ya bunƙasa da ma'aikatan da aka kwaso daga Legas da jihohi, musamman bayan dawowar fadar gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991, ya kuma cika da waɗanda hayar Maitama da Wuse da Garki ta fi ƙarfinsu. Ɗaki biyu da falo, maƙwabcin dama daga Inugu, na hagu daga Ilorin, kowa ya fice kafin rana ta fito don ya riga cunkoson babban titin shiga gari. Dangi suna Katsina ko Gusau ko Azare. Tsohuwar da za ta zo zaman jego ƙarfinta ya ƙare, ko tana riƙe da wasu jikokin, ko 'ya'yanta sun hana ta tafiya saboda abin da hanyoyi suka zama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin motar kawo ta da mayar da ita ma ya zama abin da ake zama a yi lissafi a kai. Idan ta zo ɗin, sau da yawa kwana biyu bayan suna take ɗaure kayanta. Matar da ke da 'ya'ya a makaranta kuwa ba ta da halin kwashe wata biyu a gidan iyaye.

Abin da ya rage ke nan, rabin tsari. Namiji yana nan yana kawowa, har ya fi kakansa kawowa, domin ya ƙara da madarar gwangwani da katan-katan na lemo. Hannun da zai sarrafa ne babu. Sai a tarar da mace kwana goma da haihuwa, wataƙila da ɗinkin tiyata a mararta, tana tsaye tana tuƙa tuwon dare, jariri na tsala kuka a ɗaki, maigida na falo yana amsa saƙonnin barka. Koriyawa ma babban gidan ya watse musu, sai suka maye gurbinsa da gidajen jego na kuɗi, inda uwa kan kwana kamar mako biyu ma'aikatan jinya na kula da ita. Ba su tsira da haka ba, domin a 2023 matsakaicin haihuwarsu ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya. Ko da abin koyi ne, albashin ma'aikaci mai mataki na takwas ba zai ɗauki nauyin irin wannan gida ba.

A nan hutun kwana 14 ya shigo. A watan Satumba na 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da bai wa ma'aikata maza hutun haihuwa, a watan Nuwamba na 2022 kuma ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta lokacin, Dokta Folasade Yemi-Esan, ya fitar da takardar aiwatarwa: kwanakin aiki 14, sau ɗaya cikin shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Ana iya muhawara kan wannan iyaka, musamman ga mai mata fiye da ɗaya, kuma muhawara ce mai tushe. Amma kwanakin aiki 14, idan aka haɗa da Asabar da Lahadin da ke tsakani, sun kusa cika mako uku, kusan daidai da bakwai ukun Koriyawa. Abin tambaya shi ne inda kwanakin ke tafiya. Makon farko yakan ƙare a kasuwar dabbobi ta Dei-Dei wajen cinikin rago, da hayar rumfa da kujeru, da tarbar baƙi a tasha. Da an watse daga suna, wani ya kama hanyar gida duba ginin da ya tsaya ko gonar da ya ba da riƙo, wani ya koma ofis da kansa don kada a ce ya cika son hutu, wani ya raba kwanakin tsakanin barci da majalisa.

Maganar ta wuce ta kyautatawa, ta kai ga rai. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa da ƙarancin jini. Haɗarin kuma ba ya ƙarewa a ɗakin haihuwa, shi ya sa hukumar ta ba da shawarar a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na shida. Uku daga cikin huɗun nan sun faɗo cikin hutun miji. Jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, kumburin ƙafa da fuska, sarƙewar numfashi idan ta kwanta, duk alamu ne da ake garzayawa asibiti a kansu. Maijego mai kunya ba lallai ta faɗa ba. Wanda ke miƙa mata kwano sau uku a rana, yana ganin abin da ta ci da abin da ta bari, shi zai fara lura.

Arewa tana da nata tarihin a wannan fanni, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A shekarun 1970 wasu likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun yi rubutu kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka ɗora zargi a kan kunun kanwa mai yawan gishiri, da zafin wanka, da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta. An daɗe ana maimaita wannan a azuzuwan likitanci. Sai a 2020 wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na faɗin ƙasa ya fito da sakamako daban. Cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, amma binciken bai samu alaƙa tsakaninta da al'adun jego ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da rashin karatu, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Wannan bai zama izinin antaya kanwa a kunu ba, domin mai hawan jini gishiri abokin gabarta ne ko daga ina ya fito. Amma ya mayar da hankali inda ya dace, wato kan macen da ta shiga haihuwa a rame ta fito a rame.

Irin wannan taka-tsantsan ya hau kan miyar Koriya ma, tun kafin masu tallar intanet su mayar da ita maganin kawo nono da wanke ciki. Ganyen teku yana ɗauke da sinadarin aidin mai yawan gaske. Jiki na buƙatarsa, rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, kuma mai shayarwa na buƙatar kimanin maikrogiram 250 a rana. Tun farkon shekarun 1990 aka wajabta sa shi a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya, don haka yawancin gidajen Kubwa suna samunsa ba tare da sun sani ba. Yawansa kuma na iya dagula aikin ƙullun maƙogwaron da likitoci ke kira tayirod, na uwa da na jariri, domin yana bi ta nono. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Koriya da kanta ta shawarci masu jego kada su wuce kwano biyu a rana. Idan masu abu sun ja wa kansu linzami, mai aro ba shi da dalilin sakin nasa. A dafa ta jefi-jefi don marmari, mai ciwon maƙogwaro kuma ta tambayi likita tukuna.

Abin da za a ara na dindindin shi ne salon girkin, kuma kasuwar Kubwa ta wadatar da kayansa. Nama kaɗan a soya a mai kaɗan, a tsayar da ruwa, a sa tafarnuwa da citta da daddawa, a bari naman ya yi laushi. Bambancin kawai shi ne alayyafo da ugu ba sa jure dogon tafasa kamar ganyen teku, a mintunan ƙarshe ake zuba su, zogale kuma a ɗan riga su shiga. Hanta ko ƙoda sau ɗaya a mako, farfesun kaza ko na kifi, wake, ƙwai, kunun gyaɗa da safe. Sinadarin ƙarfen da ke gina jini ya fi shiga jiki daga nama da hanta a kan daga ganye, lemun zaƙi bayan abinci na taimaka masa, baƙin shayi a kan abinci kuma na tare shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mutumin da ke iya rubuta takardar neman amincewar babban sakatare.

Za a ce ai namiji a kicin mijin-ta-ce ne. Masu faɗin haka da hannun namiji suke karyawa wajen mai shayi, da hannun namiji suke cin tsire da balangu da dare, kuma manyan otal-otal ɗin da suke zuwa taron bita maza sun fi yawa a madafarsu. Abuja cike take da gwagwaren dole, ma'aikatan da iyalinsu ke Kano ko Kaduna, waɗanda suka shafe shekaru suna dafa wa kansu shinkafa da taliya a kan risho. Hannun da ya iya dafa wa kansa bai mance ba don an ɗaura masa aure. Hujjar da ke da nauyi ita ce ta kunya da ta al'ada. Daga haihuwa zuwa suna gida na mata ne, 'yan barka na shiga suna fita, suruka tana nan, kuma babu mai hankalin da zai ce magidanci ya ratsa cikinsu da tukunya. Wannan gaskiya ne, a bar wa mata makonsu. Kwanakin da ake magana a kansu su ne na bayan suna, daga ranar takwas, lokacin da rumfa ta sauka, baƙi suka watse, aka bar maijego da jariri da tulin kwanukan wanki.

Shugabannin ofisoshi ma suna da kaso. Hutun da daraktan sashe zai sa wa hannu yana yamutsa fuska, ko ya bi ma'aikaci da kiran waya yana tambayar inda fayil yake, sunansa hutu ne kawai. Hadiman ministoci da na 'yan majalisa sun fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin aikinsu a rataye yake da fuskar maigida, kuma da yawansu ba sa ko iya buɗe baki su nema. Mai riƙe da muƙamin da ke halartar taron yaƙi da mace-macen mata masu haihuwa, yana iya farawa da sallamar direbansa da mai riƙe masa jaka na mako uku idan an yi musu haihuwa, ba tare da sun roƙa ba.

Ranar da hutu ya ƙare, saura kimanin kwana 20 a yi arba'in, kuma motar asuba ba ta jiran kowa. Miyar ganyen teku, kamar farfesu da miyar kuka, ba ta ƙin kwana, wasu ma sun fi son ta washegari bayan an sake ɗumama ta. A dafa babbar tukunya da daren Lahadi a raba a robobi. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma firji ya zama kabad, a rage yawan girkin zuwa na kwana ɗaya, a tafasa da dare, a sake tafasawa da asuba kafin a fita, a bar ta a rufe kan murhu da ludayi da kwano a gefe, inda maijego za ta kai hannu ba sai ta sunkuya ba.